Takalmin da Ba Ya Gajiya

Wani ne ya yi sati biyu yana koyon haɗa shafin intanet, sai ya fara amsa sunan injiniya. Surukinsa mai shagon takalma ne, kuma tun ranar aure tsohon yake neman abin da 'yarsa ta gani a jikin mutumin nan, bai samu ba. Don ya wanke kansa, gogan naka ya ce zai yi wa shagon shafi, mutane su riƙa saye ta waya.

Ya kuwa yi. Kana buɗewa sai takalmi ya fito yana juyi. Ya rubuta wa shafin umarni cewa da zarar takalmin ya gama juyin, maɓallin saye ya bayyana.

Suruki ya gani, ya washe baki. "Kai, ya yi kyau! Amma me ya sa yake tsayawa? Talla ai ba ta hutu. Sa shi ya yi ta juyi, kada ya tsaya."

"An gama, Baba!"

Karon farko ke nan da aka yabe shi a gidan. Daɗi ya kashe shi, nan take ya sa takalmin juyi na har abada.

Kwana uku ko silifas ba a sayar ba. Sai kiran waya. Wata ta ce ta zuba wa takalmin ido har girkinta ya ƙone. Wani ya ce jiri ya kayar da shi a bakin titi.

Aka aika ya zo shago. Ya tarar da matarsa a can ciki tana jera kwalaye, ko kallonsa ba ta yi ba.

Suruki ya miƙa masa waya. "Injiniya, ina maɓallin?"

"Yana nan tafe, Baba. Jira yake takalmin ya tsaya."

"Yaushe zai tsaya?"

"Ai ku kuka ce kada ya tsaya."

"To shi maɓallin bai sani ba?"

"Ba wanda ya gaya masa. Biyayya ce ta yi masa yawa, Baba."

Ya danne takalmin da babban yatsa, takalmi na juyi. Ya girgiza wayar, ya kifa ta a kan tebur, ya leƙa a hankali, yana nan yana juyi. Ya kashe ta gaba ɗaya.

"Ga shi ya tsaya!"

"To ina maɓallin?"

Ya kunna. Takalmi ya sake kama juyi daga farko, sai ka ce hutawa ya yi. Injiniya ya ajiye wayar.

"Haƙuri, Baba. Komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo." Ya fara ja da baya zuwa ƙofa. "Bari in ɗauki iyalina mu je gida, in duba a kwamfuta."

Suruki ya jawo kujera, ya zauna a bakin ƙofar ciki, ya harɗe ƙafa.

"Yi gaba, injiniya. Tana nan tafe. Jira take takalmin ya tsaya."