Rasuwar 'Yar Tsawa, Mai Gadin Gurbin Maki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma kai a ɗage, jami'ar tattara sakamakon jarrabawa, wadda ɗalibai ke kira Anti Tabarau, tana sanar da rasuwar 'Yar Tsawa, ƙaramar makro, wato 'yar manhajar kwamfuta, da ta rubuta da hannunta a jadawalin maki shekara shida da suka wuce. Layi goma sha tara ce kacal.

Marigayiya aiki ɗaya ta sani. Kafin a haɗa maki sai ta leƙa kowane gurbi. In ta tarar da shi fayau, ta ce "ƙit!", ta shafa masa ja, ta ƙi gaba. A wajenta sifili na wanda ya rubuta ya faɗi ne, gurbin da babu komai kuwa na wanda ba a shigar da makinsa ba tukuna. Ko daga babban rumbun bayanai aka ɗebo sunaye, sai ta yi wannan binciken.

Ta sha zagi. Malamai sun kira ta mai baƙin naci, an sauya mata kwamfuta sau uku, ba ta taɓa ɗaga wa kowa ƙafa ba.

Ajalinta ya zo ranar Talata, da ta tsaya cak a kan gurbi arba'in da ɗaya, na ɗaliban ajin ƙarshe da takardunsu suka ɓace a hanyar ofishin malami. Shugaban sashe ya ce wa Anti, "Ke 'yar nan, zuba sifili mu wuce wajen mana." Anti ta ce, "Ranka ya daɗe, ba faɗuwa suka yi ba, ba a duba su ba ne." Tana fita cin abincin rana ya sa mai gyaran kwamfuta ya goge baiwar Allah, aka zuba sifilin.

Ta rasu ta bar uwar ɗakinta, da firinta mai tari, da waɗannan ɗalibai da za su maimaita shekara in sifilin ya tabbata.

Za a yi zaman makoki a teburin Anti, kusa da taga, daga takwas na safe har tashi. A can za ta bi layi dubu uku da idonta da jan biro. An ce za a mayar da Anti ɗakin ajiyar tsofaffin fayil a matsayin horo, ta ji. Masu ta'aziyya kada su zo da komai sai ɓatattun takardun nan. Kafin a kawo su, takardar sakamako tana cikin durowarta, kuma ba za ta sa hannu ba.