Takabar 'Yardada

"Lafiya lau, sai dai ni ba na amsa gaisuwar gawa," in ji 'Yardada, ko ɗago kai ba ta yi daga zogalen da take tsinka ba.

Mikail jikanta, wanda take kira mijinta tun yana zanen goyo, yana durƙushe a tsakar gidanta na Koki. Shekara biyu ke nan yana fitowa a finafinan 'yan daba, bai taɓa wuce minti biyar da rai ba. Jiya maƙwabciya ta nuna mata a waya an sare shi a bakin kwata, har tuwo ya gagare ta ci.

"Wace gawa kuma, tsohuwa?"

"Da idona na ga ka zube kamar buhun gawayi. Takaba nake. Cire hular nan, tana cikin gadona."

Ya ce jinin ai zoɓo ne. Ta ce karo na bakwai ke nan, ko ragon layya sau ɗaya yake shan wuƙa.

"Ke fa? An manta da ke a duniya. Da ake ginin badalar Kano ke kike sayar wa magina ƙosai."

"Na sayar. Duk cikinsu ba ragon namiji irinka."

Sai ya gyara zama ya faɗi abin da ya kawo shi. Darakta ya ce in ya samo gidan da talauci ya yi wa kaca-kaca, za a ba shi matsayin shugaban daba, ya rayu har ƙarshen fim. Shi kuwa ya rantse gobe zai kai su gidan da ba na biyunsa.

"Wato gidana ne kangon?"

"Ko gyara ba sai an yi ba. Ke ma a bar ki a ciki, a ce gara ce ta rage."

"Tsohuwar zuma da ita ake magani, ɗan nema. Tashi ka yi min shugaban in gani."

Mikail ya miƙe, ya karkata hula, ya zaro wuƙar katako daga ƙugu, ya shaƙe murya ya ce yau ko kare ba ya fita daga lungun nan. Agwagwar 'Yardada, da ke kwanci bayan randa, ta ɗauka da ita ake. Ta taso da wuya a miƙe tana huci. Shugaban daba ya yar da wuƙa, ya zagaya rijiya sau biyu, ya haye turmi yana kiran kakarsa da Hajiya, sunan da bai taɓa ba ta ba.

'Yardada ta yi dariya har farantin zogale ya kife. Da ta share hawaye da bakin zane, ta kwance goro ɗaya ta jefa masa can saman turmin.

"Kawo su goben. Amma ka gaya wa daraktan ya riga ya sami shugaba. Kai sai ka riƙe mata wuƙa."