Citta a Bakin Masu Shuɗiyar Igiya

"Lafiya lau, amarya. Yau da allura kika zo ko da sikeli?"

Aki Endang ke nan, kakan Imas, yana zaune bakin garke yana yanka ciyawa. Mako takwas Imas ta yi tana binciken kammala jami'a a kan 'yan ragunansa goma: biyar masu jar igiya ana zuba musu garin citta a dusa, biyar masu shuɗiya ba a ba su. Jiya sakamako ya fito, nauyi da awon jini duk ɗaya, babu bambanci. Wata uku ya rage mata ta miƙa aikin, in ba haka ba sai baɗi. Da safen nan ta shinshina bakin wani mai shuɗiyar igiya, ta gane komai.

"Da sammaci na zo, tsoho. Me ragon can ya karya da shi?"

"Ciyawa. Ko so kike in soya masa tahu, awarar nan?"

"Bakinsa ƙamshi yake kamar tukunyar shayin Nini."

"Wataƙila kakarki ya sumbata. Kin san har yanzu tana da farin jini."

"Aki."

Ya ajiye lauje, ya gyara hula.

"To ke, wace irin mata na aura? Biyar na cin daɗi, biyar na leƙe ta tsakanin gora. Wanne malami ya koya miki wannan rashin imani?"

"Su ne ma'aunin. Da su zan gane ko cittar na aiki."

"Ai da kin tambaye ni. Shekara hamsin ina yi wa raguna ɗura. Dubi ni ma, kullum sai na sha."

"Na duba. Haƙori uku, ƙafa kamar sandar lema. In kai ne shaidar, gobe za a hana noman citta a duk yankinmu na Garut."

"Wannan ƙafar ta hau dutse ɗauke da rago, lokacin ubanki bai iya fyace majina ba."

"Ragon ne ya ɗauko ka, Nini ta faɗa min. Sau nawa ka ba su?"

"Kaɗan. Bayan sallar asuba kawai." Ya sosa ƙeya. "Da ɗan ƙwai da zuma, ran Juma'a."

Imas ta zauna kan buhun dusa, ta rufe fuska da littafinta. Dariya ta so yi, sai ga hawaye.

"Mako takwas, Aki. Sau nawa ragon can ya tunkuye ni wajen ɗibar jini? Yanzu sai na sake daga farko, kuma da waɗanda ba su taɓa shan citta ba. Ina zan same su?"

Tsohon ya dubi garken.

"A ƙauyen nan mutum ɗaya ne tumakinsa ba su san ƙamshin citta ba. Haji Oman. Ko gishiri sai da Sallah suke lasa."

"Shekara shida ba ka gaishe shi ba, tun da ragonsa ya kayar da naka a filin karo."

"Santsi ne ya kayar da shi."

"Har sau uku?"

"Filin ne da santsi." Ya miƙe yana kakkaɓe zanen ƙugunsa. "Zan je in ari goma. Zai yi min dariya har maƙwabta su fito, ya yi. Ba zan zauna da amarya mai maimaita aji ba, tsufa za ki yi min a gida."

Ya sa hannu ƙarƙashin rufin garken, ya zaro gorar ɗurarsa, wadda hannu ya goge har tana sheƙi. Ya miƙa mata.

"Ungo. Ɓoye ta inda ba zan gani ba. Na san halina, in suka kalle ni da idon nan zan karaya."

Imas ta share ido, ta karɓa tana dariya.

"Ita kaɗai ce?"

Aki ya ɗan tsaya. Sannan ya laluba bayan tulun ruwa, ya ciro ta biyu.