Ƙwaryar da Ke Yawo

A yi mini afuwa. Ni mai karatu ce kawai, ban taɓa rubuta labari ba. Idan bai yi daɗi ba, a rufe kawai.

A wani daji, dabbobi suna da wata al'ada. Akwai ƙwarya guda da ke yawo gida-gida. Duk wanda ta shigo wa sai ya juye abin da ke ciki, ya zuba nasa har ya ɗara na baya, ya miƙa wa maƙwabci. Tun ana zuba ɗan kaɗan, har ta kai sai an cika ta maƙil, a ɗora ƙulli a sama. Kuma kowa abin da yake ci yake zubawa. Zomo ya taɓa samun kifi. Ya yi godiya ƙwarai.

Da bazara ta yi tsanani, ƙwarya ta iso ƙofar Gafiya cike da busasshiyar ciyawa daga Gwanki, shugaban majalisar dajin. Gafiya ba ta cin ciyawa. Abin da ya rage mata gyaɗa ce, daidai cikin ƙwaryar, ga 'ya'ya biyar, damina kuma da saura. Ta ɗauki ƙwarya ta nufi majalisa.

"Ranka ya daɗe," in ji ta, "ba raina kyauta na yi ba, wallahi. Amma in na cika ta, yarana ba za su ga ruwan fari ba. A yarda mini in miƙa ta haka nan."

Gwanki, wanda shi ma kwana uku bai ƙoshi ba, ya yi gyaran murya. "Uwar biyar, mun ji. Sai dai zumunci shi ne mutuncin wannan daji. Amma ba na yanke hukunci ni kaɗai. Duk mai son a daina, ya ɗaga wutsiya."

Zomo ya saci kallon Biri. Biri ya saci kallon Zomo, ya ga bai motsa ba, sai ya zauna a kan tasa wutsiyar. Gwanki ya dube su duka, ya ga babu, ya matse tasa da ta fara ɗagawa.

"Kai Biri," Zomo ya raɗa, "ba jiya kake mini kukan ƙwaryar nan ba?"

"To kai me ya hana ka?"

"Tawa gajera ce, ko na ɗaga ba a gani."

Gafiya ta sunkuya za ta ɗauki ƙwarya, idonta ya cika. Sai tsohuwar Bushiya, wadda ba ta ji sosai, ta matso tana ƙyafta ido.

"Ke 'yar nan, wannan mai ɗinki a baki ai ta uwarki ce! Ni na ara, shekarar da aka yi gobara. Na ba Zomo ya kai mata, na sa ƙwayar gyaɗa uku don kunya."

Zomo ya sosa kunne. "Af! Gwaggo, ni na zaci ni kika ba. Shi ne na ƙara na kai wa Biri."

Gwanki ya ce a hankali, "To ashe ƙwarya ta iso gidansu." Nan da nan wutsiyoyi suka tashi gaba ɗaya, kowa na cewa dama shi tun farko bai so ba. Gafiya ta rungume ƙwarya ta ruga gida, kada wani ya sake shawara.

Washegari Gwanki ya ga bai kamata a bar Bushiya ba godiya ba. Ya aika mata sabuwar ƙwarya, da ɗan abu a ciki.

Iyakarsa ke nan. Zan ajiye littafin nan a kan teburin malamarmu, Malama Talatu, in sulale kafin a shigo aji. Don Allah in za a dawo mini da shi, kada a sa komai a ciki.