Fedar da Ta Ƙi Sakina a Gaban Baba Sale

Na manta abubuwa da yawa a zamana na Riyad, amma ba zan taɓa mantawa da safiyar Juma'ar da na faɗi a gaban Baba Sale ba, ina manne da keke kamar tare aka haife mu. Wanda ya zo yin dariya ya yi abinsa, ni ma zan taya shi. Nadama ce kawai ba zai samu a wurina ba.

Ni direban gida ne a Nasiriya, kwana kuma a Al-Oud, mu huɗu a ɗaki ɗaya. Shekara bakwai ina zaune a kujerar mota, daga shayi mai zaƙi sai shinkafar kabsa, har tumbina ya fara gaisawa da sitiyari. Wata rana likita ya duba jinina ya ce suga ya hau, ko in motsa jiki, ko allura ta zama abokiyar zamana. Na tsorata ƙwarai, domin wannan ciwon ne ya ci ƙafar mahaifina kafin ya ɗauke shi. Da kafil ɗina, wato Balaraben da nake wa aiki, ya ji, sai ya ba ni wani keken hawan duwatsu da ya saya ya jingine. Haka na shiga cikin wasu mahaya masu fita bayan gari kowace Juma'a bayan asuba, Larabawa da 'yan Filifin, sai ni kaɗai Bahaushe.

A ɗaki kuwa na zama abin kallo. Baba Sale, dattijon ɗakinmu, mutumin Maraɗi ne, yana aiki a kasuwar kayan gwari ta Aziziya. Shi ya karɓe ni lokacin da na sauka ƙasar nan ban san ko inda ake sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, ba, don haka maganarsa tana da nauyi a wurina. Ranar da ya fara ganina da hular kwano da matsattsen wando (na ɗora wani wandon a kai, kada ku yi mini mummunan zato), sai ya ce, "Ɗana, gemu da 'ya'ya uku, ka rasa abin yi sai wasan yara? Halas, ya isa haka, ka mayar wa Balarabe kayansa."

Ban mayar ba. Na ma ƙara gaba, na sayi irin fedar da mahayan ke amfani da ita, wadda take kama takalmi. Akwai ɗan ƙarfe a ƙasan takalmin, kana takawa sai ya shige cikin fedar ya kulle, in za ka sauka sai ka murɗa dunduniya waje ya sake ka. A kan duwatsu tana da daɗi, ƙafa ba ta zamewa. Matsalar ita ce tawa ta hannu ce, kuma yashin Riyad ya shige ta. Kowane taki sai ta ce ƙiii, ƙiii. Ila, wani ɗan Damagaram da muke ɗaki ɗaya, ya ce tun daga bakin maƙabartar unguwarmu yake jin tahowata. Shi ya sa mini suna Gyare, kuma sunan ya bi ni har masallaci.

Abin ya ci mini rai. Na je wani shagon keke a Batha, na ce da mai shagon ina son fedar da ba ta magana ko kaɗan. Ya zube mini kala uku, na yi ta juya su kusa da kunne kamar mai zaɓen kankana, na ɗauki wadda ta fi shiru. Ya nuna mini wani ɗan sukuru a jikinta, ya ce, "Sadiƙ, abokina, wannan shi ke ƙara ƙarfin kamu. Shwayya-shwayya, kada ka ɗaure da yawa. In ta yi ƙara, ka goge yashi ka shafa kyandir a ƙarfen takalmin." Na ce mafi mushkila, wato babu matsala. A raina kuwa na ce kyandir kuma, ni da nake neman maganin abin baki ɗaya?

Da na gwada a lungunmu, sai na ji wani ɗan ƙyas-ƙyas, wanda ni kaɗai ke jinsa. Na ɗauko makulli na ɗaure sukurun. Na ƙara. Na ƙara har ya ƙi juyawa. Shiru ya samu kuwa, ko numfashi fedar ba ta yi. Na gwada cire ƙafa, sai da na riƙe hannun keken da ƙarfi na yi nishi sannan ta fita. Mai hankali zai tsaya nan ya yi tunani. Ni kuwa murna na yi, na gayyaci 'yan ɗakinmu su zo su gani da idonsu ko wasan yara ne.

Suka zo kuwa a motar kayan gwari, suka shimfiɗa tabarma a ƙasan gangaren da muke saukowa, da filas ɗin shayi da dabino. Kuma wallahi ranar na hau keke. Na haye tudun da kullum nake turawa da ƙafa, na wuce mutum biyu, na gangaro ta tsakanin duwatsu babu ƙiii babu ƙyas. Na hango Baba Sale ya miƙe tsaye yana kare rana da hannu. Zuciyata ta yi fari.

Na matse birki daidai bakin tabarma. Sai dattijo ya miƙo hannu yana cewa, "Sannu da ƙoƙari, ɗana."

To, ni ba a yi mini tarbiyyar karɓar hannun babba da hannu ɗaya ba. Jikina bai nemi shawarata ba, na saki keken na miƙa hannu biyu har da ɗan rusunawa. A nan na tuna ƙafafuna. Na murɗa ta dama, ko gezau. Na murɗa ta hagu, ita ma ta ce ba ta san zancen ba. Keke ya tsaya cak na ɗan lokaci, kamar yana zaɓen ɓangare, sannan muka tafi a hankali kamar buhun albasa. Abin takaici, ban saki hannun Baba Sale ba (ladabi ai ba ya ƙarewa don mutum yana faɗuwa), sai na jawo shi ya durƙusa a kan farantin dabino. Filas ya yi nasa wuri.

Ina kwance, keke a kaina, taya tana juyawa shiru abinta. Ila ya riƙe ciki yana cewa, "Wayyo, Gyare ya daina kuka, ya koma birgima!" Wani Balarabe cikin mahayan ya ja takalmin ya kasa, ƙarshe sai kwance igiya aka yi aka zare ni. Na miƙe da safa, babban ɗan yatsana yana leƙen jama'a ta huda, takalman kuma suna nan a jikin feda.

Baba Sale ya karkaɗe gwiwa, ya ɓamɓare dabino daga rigarsa. Bai yi dariya ba, wannan ya fi ciwo. Ya ce, "Ka gani ko? Yau ka mayar da keken nan."

Kunya ta rufe ni, amma na ce, "Baba, ka yi haƙuri da rigarka. Keke kam ba zan mayar ba. Gara ƙafata ta maƙale a feda da a yanke ta kamar ta mahaifina."

Ya dube ni. Sannan ya juya ga Ila ya ce, "Kai, rufe mana baki, ɗauko masa silifa a mota."

Da yamma na sassauta sukurun, na sayi kyandir. Fedar tana ɗan ƙyas-ƙyas har yau, na bar ta ta yi, domin na gane fedar da ba ta cewa komai ba ta sakin mutum. Suga ya sauka, sunan Gyare bai sauka ba. Kuma duk wanda zan gaisar yanzu, ko limamin unguwa ne, sai ya jira na cire ƙafa tukuna.