Faroksi Ya Ƙi 'Yan Ajin Guntuwa

Kwamfutocin makarantar nan ba 'yan gida ɗaya ba ne. Na tebur manhajarsu daban, laftof ɗin da aka ba da kyauta tasu daban, kuma duk sai sun bi ta faroksi, na'urar da ke tsare ƙofar intanet tana tambayar suna da kalmar sirri. Ranar da 'yan ajin malamar lissafi za su shiga gasa ta intanet, na tebur suka wuce lafiya, laftof kuwa ko ɗaya bai shiga ba. Duk wanda bai shiga kafin ƙarfe sha ɗaya ba an cire shi, ga yara sun daɗe suna shiri. Abin haushi, mai kula da na'urorin ɗan gwaggonta ne, taubashinta, mutumin da ko gobara ake yi sai ya tsaya tsokana. Ta kira shi, ya shigo ajin, ta gaishe shi a gaggauce, shi kuwa ya hau waige-waige ta saman kanta.

"Lafiya lau, Guntuwa. Wai ina kike ne? Muryarki kawai nake ji."

"Ga ni gabanka, Dogo marar amfani. Faroksinka ya hana 'ya'yana shiga."

"Ba ya hana mutanen kirki. Me yake cewa?"

"Suna da kalmar sirri. Mu sa, ya sake tambaya. Mu sa, ya sake tambaya. Halinka sak, baki ba aiki."

"Kin manta kalmar ne. Ke da kika taɓa manta takalminki a gidanmu."

"Kai ka ɓoye shi! Kalmar da ta buɗe na tebur ita ce ta ƙi buɗe laftof, ka ce min mantuwa?"

Dogo ya ja kujerar yara ya zauna, gwiwa har haɓa. Ya goge tsohuwar kalmar da aka adana, ya sake rubuta suna, ya duba adireshin faroksi, ya kashe ya kunna. Akwatin tambayar nan ya sake fitowa. Tsokana ta fara ƙarewa, zufa ta fara zuwa, yara kuwa sun zuba masa ido.

"Ashe takardar shaidar taka saye aka yi," in ji ta. "Gwaggo ta yi asarar kuɗin makaranta."

"Ki yi min shiru, ina tunani."

"Da me?"

Ta dubi agogon hannunta, ta dubi na laftof. "Bar shi kawai. Sha ɗaya ta wuce, an rufe. Wallahi yaran nan nake tausayi."

"Wace sha ɗayan?" Ya ciro wayarsa. "Da saura."

Ya kalli wayar, ya kalli laftof, ya leƙa na kusa da shi, sannan ya juyo a hankali. "Guntuwa, wa ya taɓa agogon waɗannan?"

"Ni ce, tun farkon zango. Na tura su gaba da kwata don yara su daina nawa. Har na manta. Me ya haɗa agogo da kalmar sirri?"

"Innalillahi! Faroksi ba ya yarda da na'urar da lokacinta ya saɓa da nasa. Na tebur daga saba, babbar kwamfutar makaranta, suke karɓar lokaci, waɗannan kuwa daga hannunki. Cutar gidan Kawu kenan! Agogon falo gaba, na kicin gaba, kuma ba ku taɓa zuwa ko'ina a kan lokaci ba."

"Kar ka sa babana a ciki."

"Ai shi ya koya miki. Yara, kowa ya buɗe wajen saita lokaci, ya danna inda aka ce ya saita kansa!"

Ɗaya bayan ɗaya allon gasar ya buɗe. Yarinyar ƙarshe ta ɗaga hannu ta ce ta shiga, aji ya kaure da ihu.

Guntuwa ta sauke numfashi, dariya ta ƙwace mata. Ta kwance agogon hannunta ta dangwara masa a tafin hannu.

"Ungo, na ba ka. Yau dai ka ci."

Ya duba, ya girgiza kai. "Wannan ma kin tura shi?"

"Kai kuma kar ka gyara. Wataƙila gobe in na kira ka, ka zo da wuri."