Layin da Ba Ya Yankewa

Ku matso in ba ku labarin Injiniya, mutumin da har yau unguwarsu ba ta san girman sa'ar da ta yi da samunsa ba. Ba wata makaranta ce ta ba shi wannan suna ba, shi ya dubi madubi ya ga ya dace. Sukurdireba ba ta barin aljihunsa na gaba, kuma ko gaishe shi ka yi sai ya ɗan jinkirta amsawa, don ka san ka katse babban tunani. A gida dai Auta ake ce masa, abin da ya fi tsana a duniya.

Yayarsa tana da shagon buga takardu. Ɗaki ɗaya ne, da fanka mai kuka, da tsofaffin kwamfutoci masu ƙeya, irin waɗanda za ka kunna ka je ka sha ruwa ka dawo kafin su buɗe ido. A kusurwa akwai wayar tebur da masu kawo aiki ke kira. Wannan shago shi Injiniya ke ce wa hedikwata.

Ranar da Yaya ta yi ƙorafin intanet na yawan ɗaukewa, Injiniya ya miƙe kamar an kira shi ceton ƙasa. Ya nufi kasuwa sayen rauta, akwatin nan mai raba wa kwamfutoci intanet. Mai shagon ya miƙo masa sabo fil, ya ture da bayan hannu.

"Ku sayar da akwati kawai kuka sani, ni zuciyarsa nake karantawa. Wannan mai ƙahonin na 'yan gayu ne. Injinanmu dattawa ne, ba su san kama intanet a iska ba, sai an soka musu igiya. Ka kawo mai ramuka a baya, kuma mai madogara, wanda in babban layin intanet ya faɗi zai kama layin tarho da kansa ya ci gaba da aiki. A hedikwatata ba a yankewa."

Mai shagon ya hau tsani ya sauko da wani akwati da ya daɗe yana jiran mai tausayi. Injiniya ya rungume shi zuwa shago, ya haɗa, ya ja igiya ɗaya ya soka a layin wayar tebur, sannan ya tsaya yana kallon fitilun suna ƙyaftawa kamar uban da ɗansa ya fara tafiya.

To, a makon nan ne wata babbar kwaleji ke neman wanda zai riƙa kula da kwamfutocinta. Aikin dindindin ne, wanda Injiniya bai taɓa riƙe irinsa ba, ko da yake ya ce shi ne bai ga wanda ya kai matsayinsa ba. Ya je ganawa, ya yi musu jawabi har shayinsu ya huce. Suka ce za su kira shi kafin mako ya ƙare. Da sakatariya ta nemi lambar wayarsa ta hannu, sai ya yi murmushin tausayi.

"Mutum irina ba a kiransa a aljihu. Ki rubuta ta ofis."

Ya ba ta lambar shagon Yaya.

Washegari masu haƙa kwata suka tsinke babban layin intanet na titin gaba ɗaya. Shagunan maƙwabta duk suka yi tsit, amma akwatin Injiniya ya kama layin tarho ya ci gaba. Gaskiya ne tafiyar ta koma rarrafe, hoton mutum sai ya fito daga hula, a jima a ga goshi, a jima a ga hanci. Amma yana tafiya. Injiniya ya sa kwat, ya ja kujera gefen wayar tebur, ya kafa doka.

"Kada wanda ya taɓa wannan wayar. Ina jiran kira daga manya."

Haka ya yi ta wuni kullum, ƙafa ɗaya kan ɗaya, ido ɗaya a kan waya, baki a kan masu shigowa. Har mai wankin ƙofar shago sai da aka kira shi ya ga fitilun akwatin. Wayar kuwa ko tari ba ta yi ba. Injiniya ya ce ai manyan wurare ba sa gaggawa.

Mako na ƙarewa wata mai kawo aiki ta shigo da fushi, ta ce ta gaji da kira, kullum ana kan layi. Yaya ta tsallake dokar ta ɗaga wayar. Wani ƙugi ya cika mata kunne, kamar ana yanka kwano da zarto.

"Auta, mene ne wannan?"

Injiniya ya gyara wuyan kwat, ga dama ta samu.

"Yaya, wannan ilimi ne. Injina ne ke zance da juna. Tun ranar da babban layi ya faɗi akwatina ya riƙe layin tarhon nan, dare da rana, bai sake shi ba ko na ƙiftawar ido. Ko wa ya kira, ba zai samu..."

Nan maganar ta maƙale. A rayuwarsa wannan ne karo na farko da ya saurari abin da bakinsa ke faɗa.

Ya lalubo wayar aljihun da ya raina, ya kira kwalejin. Sakatariya ta gane shi nan take, cikin ladabi.

"Ranka ya daɗe, mun yi ta kira har muka ji kunya. Shugaba ya ce ofishin da layinsa ba ya hutawa haka ba zai samu lokacinmu ba. An ba wani jiya."

Injiniya ya zauna a hankali. Wani dattijo da ke jiran hoton jikarsa ya gama fitowa, hoton ya kai haɓa, ya juyo ya dafa masa kafaɗa.

"Kai dai Allah ya yi maka albarka, Injiniya. Abin nan naka ko sau ɗaya bai yanke ba."